Makarantar da Dawa Ta Rufe

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa aka sa ni cikin kwamitin da ke kula da makarantun firamare na gundumarmu. Ba nema na yi ba. An ce dole a samu mace mai wakiltar iyaye mata, aka duba aka ga ni ce ke zaune gida ba abin yi sai kiwon tumaki. Shugabanmu wani dattijo ne, tsohon malamin gona, kowa Alhaji yake ce masa. Akwai liman, akwai wakilin hakimi, akwai wani ɗan kasuwa mai sayen hatsi a kasuwar Kankara, sai jami'i daga ofishin ilimi wanda ke rubuta abin da muka yanke ya kai sama.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. Farkon kowane zango mukan taru a wani aji na babbar firamaren gari, mu matsu a bencin yara gwiwoyinmu na gugar tebur, mu tsayar da abin da za a fara yi da ɗan abin da ya samu: rufi, ko rijiya, ko benci, ko a roƙi ƙarin malami. Tsakiyar zango kuma mu zagaya mu ga ko an yi. Da can zagayen nan shi ne daɗin aikin, don duk ƙauyen da muka shiga sai an kawo mana fura. Amma lokacin da na shiga hanyoyi sun riga sun lalace, ba lalacewar ramuka ba. Ƙauyukan da ke bakin daji sun tashi ɗaya bayan ɗaya saboda mutanen daji, jama'arsu sun dawo cikin gari suna raɓe a gidajen dangi, ƴaƴansu kuma suka cika mana azuzuwa.

A daminar nan iska ta yaye rufin azuzuwa biyu na makarantar gari. Yara suka koma gindin darbejiya, da hadari ya haɗu sai a sallame su. Da muka zauna kowa ya yarda rufi ne kan gaba, sai dai ba mu da halin sayen kwano. Ni na kawo shawara. Akwai wata ƙaramar makaranta can bayan Damari wadda aka yi wa sabon rufi gab da tashin ƙauyen. Na ce a je a kwanto kwanon a kawo nan inda yara suke. Na tuna yadda na faɗe ta, don har dariya aka yi. Na ce, "Ai kwano ba ya karantar da ƙadangaru."

Jami'in ofis bai yi dariya ba. Ya ce, "Hajiya, makarantar nan ba a rufe ta ba. Malaminta yana zuwa, kuma ya ce yana da ɗalibai."

Ɗan kasuwa ya ce, "Ɗalibai a garin da ko kaza babu? Sai dai in aljanu yake karantarwa."

Alhaji ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce shi ba zai sa a kwance rufin da bai gani da idonsa ba, a aika wa malamin ya tare mu a Damari. Liman ya ce yana da ɗaurin aure ranar. Wakilin hakimi ya ce ƙafarsa ta motsa. Muka rage ni da Alhaji da jami'in. Ni da na kawo maganar ba ni da bakin janyewa.

Da hantsi muka iske malamin yana jiranmu a bakin hanya. Siririn mutum ne mai furfura a saje, rigarsa wankakkiya amma ta koɗe. Ya durƙusa ya gaida Alhaji, sannan ya ce yana da roƙo. Kowa ya kashe wayarsa ya sa aljihu. Kada a ɗauki hoto. Kuma kada a tambayi wani yaro ɗan wane ne. Malamin ya hau nasa babur ya shige gaba, Alhaji ya goya jami'in a babur ɗinsa, ni kuma wani ɗan acaba ya yarda ya ɗauke ni, bayan malamin ya ja shi gefe sun yi magana.

Hanyar ƴar siririya ce tsakanin gonaki. Dawa ta yi tsawo ta haɗe kai a samanmu, ganyenta na mari na a fuska. Abin da ya fara damuna ke nan: gari ya tashi, to wa ya yi wannan noma? Kunya-kunya a gyare, an yi maimai, ba ciyawa. Na buɗe baki zan tambayi ɗan acaba, na ga yadda wuyansa ya sandare, na fasa.

Mun ratsa ta tsakiyar ƙauyen. Na san shi da, na taɓa zuwa biki. Yanzu ƙyauren gidaje duk a buɗe, tafasa ta fito a tsakar gida har ƙugu, wani turmi kife a ƙofar zaure kabewa ta naɗe shi. Ba kukan akuya, ba hayaƙi. Masallacin ne kawai na ga an share gabansa.

Makarantar tana ƙarshen gari, aji biyu, dawa ta zagaye ta har jikin bango. Kwanon na nan yana walƙiya, ko tsatsa babu. A cikin aji an yi shara an shimfiɗa tabarmi, ga randa a lungu da danshi a jikinta. Ba kowa. Jami'in ya dubi Alhaji, Alhaji ya dubi ƙasa. Na ji tausayin malamin, na ce a raina bawan Allah nan kaɗaici ya taɓa shi.

Akwai ƙarfen tayar mota rataye a reshen bedi wanda ake bugawa a da. Malamin bai je wurinsa ba. Ya ɗauki alli ya rubuta darasi a allo a natse, ya karkaɗe hannu, ya fito ƙofa ya tsaya, ya yi gyaran murya sau ɗaya.

Sai dawa ta fara motsi.

Ba iska ake yi ba. Nan ta motsa, can ta motsa, sai ga yara suna fitowa ɗaya-ɗaya, kowa ta nasa gefen, ba wanda ya biyo hanya. Ba su da kayan makaranta. Wata yarinya na goye da ƙanenta. Da suka gan mu suka tsaya cak, sai da malamin ya gyaɗa kai suka wuce mu suka shiga, suka cika tabarmi biyu. Ba wanda ya ture wani, ba wanda ya yi dariya.

Na yi rayuwata cikin aji, na san ƙarar yara kamar yadda na san muryar ƴaƴana. Ban taɓa jin irin karatun da na ji ranar ba. Malamin ya faɗa ƙasa-ƙasa, su amsa gaba ɗaya cikin raɗa, kamar ana zuba gero a buhu. In ka matsa bakin taga ba za ka san da mutane ciki ba.

Duk da haka dubawa muka zo, muka duba. Alhaji ya ba su lissafi, suka yi. Na miƙa wa mai goyon nan alli na ce ta rubuta min abin da ta ga dama. Ta rubuta "ruwa ya yi gyara" da hannu mai kyau, ta fi da yawa cikin ƴan gari. Saura kaɗan in ce mata, "Ɗiyar wa ce ke?" don haka bakina ya saba in yaro ya burge ni. Na haɗiye.

Na fita in zagaya baya in ga yadda aka kafa kwanon. Ina karya kwana na gan shi. Wani mutum zaune kan babur a inuwar tsamiya, inji a kashe, ban ji zuwansa ba. Ya naɗe rawani ya rufe bakinsa, ga wani dogon abu nannaɗe da tsumma kwance kan tanki.

Ya ce, "Hajiya, sannu da zuwa. An zo lahiya?"

Na ce lafiya lau. Muryar ba ta tsoho ba ce, kuma da ladabi ya yi gaisuwar, har da ɗan sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ke ce kika ce kwano ba shi karantar da ƙadangaru."

Kalmomina ne, yadda na jera su, a ajin da muka zauna mu kaɗai.

Ya nuna tagar ajin da haɓa. "To ga ƙadangarun nan, kin gan su." Sai ya ƙara da cewa, "Kwano naku ne, ba mu hana ba. A dai bari ruwa shi ɗauke."

Daga can cikin gonaki wani ya yi fito, dogo, sau ɗaya. Na juya. Kafin in dawo ƙofar aji yaran sun fice, dawa tana rufewa a bayan na ƙarshensu. Allin da na ba yarinyar yana kan tabarma. Da na sake leƙa gindin tsamiya ba kowa, sai sawun taya a danyar ƙasa, wanda ya nuna min dai ba idona ne ya yi min gizo ba.

Muka kamo hanya muka fito titi. A Damari muka zauna a wata rumfa, Alhaji ya tambayi malamin yadda abin ya faro. Ya ce bayan gari ya tashi ya koma ne ya kulle azuzuwa, ya iske wasu yara suna leƙen allo ta taga. Ya ga bai iya korarsu, ya yi musu darasi guda. Washegari ya koma ya iske sun ƙaru.

Jami'in ya ce, "Ƴaƴan su wa ne?"

Ya ce, "Wasu na mutanen da ba su da inda za su ne, suna kwana cikin gonaki. Wasu kuma na waɗancan ne. Ban rarrabe ba, Malam. Tabarma guda suke zama."

Alhaji kaɗai na gaya wa abin da ya faru bayan aji. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Hajiya, ki bar shi a cikinki."

Na bar shi, amma zama na gaba bai zo min da sauƙi ba. Na riƙa bin fuskoki da kallo: liman da na sani tun yana saurayi, wakilin hakimi, ɗan kasuwar da ke shiga kowace kasuwa ya yi hira da kowa. Na dubi tagogin ajin da ba su da marufi, da masu tallan gyaɗa a waje, da maigadi kan bencinsa. Mai yiwuwa ba wanda ya kai magana da nufi. Abin dariya ne aka faɗa, wani ya maimaita a majalisa, ya bi baki har ya isa inda ya isa. Wannan tunanin bai kwantar min da hankali ba, don ya nuna dajin bai da nisan da muke zato.

Alhaji ya faɗi abin da muka gani, bai ƙara ba bai rage ba, ya ce shi a ganinsa a bar rufin, a aika da alli da littattafai. Ɗan kasuwa ya miƙe da zafi. Ƙanensa na cikin waɗanda aka kora daga gonarsu. Ya ce, "Wato ƴaƴanmu su sha ruwa a gindin itace, mu kuma mu bar rufi kan ƴaƴan waɗanda suka..." Sai idonsa ya kai ga taga. Ya ƙarasa maganar a ciki, ya zauna. Ban gaya masa komai ba, amma shi ma ya san garin da yake.

Liman ya ce yaro bai zaɓi ubansa ba. Shi ma a hankali ya faɗa.

Jami'in ya tambaya me zai rubuta. In ya ce a rufe take, za a ɗauke malamin. In ya ce a buɗe take, wata rana manya za su ce suna son zuwa da motoci. Alhaji ya ce, "Rubuta ana karatu. Shi ne gaskiya." Haka aka rubuta. Makarantar gari kuma muka yanke iyaye su kawo zana da itace a yi rumfa kafin Allah Ya kawo mafita.

Rumfar ba ta tare ruwa ba. Mata suka yi ta zuwa gidana, ni wakiliyarsu, suna tambaya ina kwanon da na yi alkawari. Wata da ɗanta ya kwanta da ciwon haƙarƙari ta tsaya a tsakar gidana ta ce, "Hajiya, mun sa ki ne ki yi mana magana, ba ki je ki yi shiru ba." Tana da gaskiya, kuma ba ni da amsar da zan iya ba ta a fili. Na ba ta haƙuri, ta fita ba sallama.

Da kaka ta yi aka girbe dawa, makarantar ta fito fili tsirara, ana hango ta daga nesa. Yaran ba su ƙara zuwa ba. Malamin ya yi ta zuwa yana gyaran murya a ƙofa har ya haƙura, daga baya aka mai da shi wata makaranta wajen Faskari. Alhaji ya sake tayar da maganar kwanon tunda ruwa ya ɗauke, amma aka rasa kafintan da zai yarda ya je ya hau rufin. Makarantar gari sai da wata shekara ta zagayo aka rufe ta da sabon kwano.

Kafin malamin ya tafi ya yi sallama a gidana da la'asar. Ya ajiye wata kwalba a bakin tabarma, an toshe bakinta da totuwar masara. Zuma ce, baƙa, irin ta kogon itace. Ya ce ranar da ya je ƙarshe ya iske kwalba biyu kan teburinsa. Wani ya yi magana daga bayan taga, bai ga fuskarsa ba, ya ce ɗaya tasa, ɗaya a kai wa Hajiyar kwamiti.

Na ɗora ta kan kabad na hana kowa taɓawa. In zubar ina tsoro, in bayar ban san me zan ce ba. Ta daɗe a nan. Sai da jikata ta kamu da tari mai tsanani, muka nemi zuma a gari aka rasa ta kirki, na sauko da kwalbar. Na fara lasa da kaina, na jira, ban ji komai ba, sannan na dama mata da lemun tsami. Zuma ce mai kyau. Muka shanye ta kafin azumi.