Layin da Ka Bar Mini

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, Malam. Ina cikin shanya 'yarka ta kira ni. Na ce to, na ajiye wayar kusa da bokiti, na ƙarasa shanyar. Har zanin gado sai da na matse.

Shekara shida ina hawa benenka duk Asabar, mu takwas a kan benci biyu, muna koyon rubutun fim. Kai ka koya mana cewa kowace fitowa sai an fara da faɗin inda ake, ciki ne ko waje, rana ce ko dare. Sunan mai magana a tsakiyar shafi, maganarsa a ƙarƙashi. Shafi ɗaya minti ɗaya, muna karantawa kana duba agogo. In wani ya rubuta "ta ji baƙin ciki", sai ka ɗora yatsa a wurin, ka tambaye shi ta yaya mai kyamara zai ɗauki wannan. Ba ka tsawa, bironka ke yi maka. Mai Jan Biro muke kiranka a bayan idonka, ashe ka sani.

A kan fitowa ɗaya muka ɓata. A labarina, an faɗa wa wata mata mahaifinta ya rasu, na ba ta shafi biyu na kuka da sambatu. Ka soke su duka. Ka ce in sa mata aiki a hannu, ta ci gaba da yi. Na ce maka, a gaban kowa, ba ka san zuciyar mace ba. Na bar rubutun a kan teburinka na sauka. Wata huɗu ban koma ba. Sau biyu ka kira, ina kallon wayar har ta katse. Girman kai ne kawai, kuma ban san kana jinya ba.

Da na je gaisuwa, a bakin ƙofa na zauna, ban san ko da fushina ka tafi ba. Maiɗakinka, Mama, ta miƙo mini ambulan, rubutuna a ciki. Ta ce, "Har asibiti ya sa aka kai masa. Ya ce a ajiye miki, za ki zo."

Shafukan nan biyu suna nan a soke. Amma a gefe, da rubutun da ya fara rawa, ka sa: "'Yata, na sake karantawa. A layi ɗaya kin fi ni gaskiya. Bar shi." Ka zagaye shi da ja: "Baba, da ka jira ni."

Na gyara fitowar. Matar tana shanya, ta ƙarasa, sannan ta faɗi layin. Ban san wanda zan kai wa ya duba ba. Har yau ban yi kuka ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yanka, da abokan zamana a benci. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka makwancinka, Ya yafe maka kamar yadda ka yafe mini tun ban roƙa ba.