Malam Sada da Littattafan da Ba Su Fito Ba

Da safen nan labari ya iso mani cewa Malam Sada ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina gona yayanshi Alhaji Mamman ya kira ni. Ya ce bayan sallar asuba ne, a gidanshi na Kankara, inda marigayin yake jinya tun farkon damina. Na ajiye abin da nake yi na hau mashin. An yi jana'iza kafin azahar. Yanzu na dawo Faskari, shi ne na zauna nake rubuta wannan.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Sada mutumin Damari ne, malamin dabbobi. Ofishinmu ɗaya, shi yana ɓangaren dabbobi, ni ina ɓangaren noma. Ya girme ni, ya kuma riga ni fara aiki. Dogo ne, siriri, ba ya son hayaniya. Ya bar matarshi Malama Hadiza da yara, babbar cikinsu ba ta gama sakandare ba.

Ni Na-Mabai yake ce mani, saboda Mabai ne garinmu.

Waɗanda suka san shi kuma sun san shi da komik, littattafan nan da ake ba da labari cikin zane. Tun yana karatu a Zariya ya fara tsintar tsofaffi wajen masu baza littattafai a bakin titi, bai daina ba har furfura ta fito mashi a gemu. Akwai masu ce mashi abin yara ne. Bai taɓa yin gardama da su ba, sai dai ya yi murmushi ya juya shafi.

Yau a wajen zaman makoki na ga wani dattijon makiyayi ya zo da littafi naɗe cikin leda, ya ajiye gaban Alhaji Mamman, ya ce na marigayi ne, aro ya ba shi. Bai daɗe ba wani tela ya kawo nashi, sai kuma wani ma'aikacin asibiti. Alhaji Mamman bai san yadda zai yi da su ba, ya aika cikin gida a tambayi Malama Hadiza. Ta aiko cewa duk wanda bai gama karantawa ba ya koma da shi ya gama. Dattijon ya ɗauki nashi ya mayar aljihu.

Amma abin da na fi saninshi da shi shi ne duba waɗanda ba su fito ba tukuna.

Duk farkon wata, in albashi ya shigo, zai ja kujera zuwa gindin bishiyar da ke bayan ofis, don nan ne sabis ya fi ƙarfi. Zai buɗe shafukan masu buga littattafan da masu sayarwa, ya shiga inda suke jera waɗanda za su fito nan gaba. Kafin ya shiga sai ya kashe hotuna a wayar don kada su cinye mashi data. Suna kawai yake karantawa, da farashi, da watan da aka ce za a saki littafin. Sai wani ya ja hankalinshi sosai sannan zai buɗe bangonshi shi kaɗai, ya kalla, ya rufe.

Tsarinshi kuwa ba ya canzawa. Abincin gida ne farko, sai makarantar yara, sai man mashin, sai abin da zai aika wa mahaifiyarshi a Damari. In wani abu ya rage kuma ya isa, littafi ɗaya. Yawancin watanni ba abin da ke ragewa.

Duk da haka sai ya duba.

Na taɓa tambayarshi mene ne amfanin kallon abin da ya san ba zai saya ba. Ya ce, "Na-Mabai, ai ko kasuwar shanu ta Sheme mukan shiga ba da niyyar sayen sa ba. Ka zaga, ka ga na ƙwarai, ka ji kuɗinshi, ka dawo gida."

Yana da dokokinshi. Ba ya sayen littafi ranar da ya fito, yakan jira a rage mashi kuɗi ko wani ya karanta ya sa nashi a kasuwa. Da dala ta tashi sai ya haƙura da na ƙasashen waje gaba ɗaya, ya tsaya kan na masu zane na gida. Ba ya kuma fara labarin da aka ce zai zo kashi-kashi. Ya ce wannan kamar ɗauko maraƙi ne, sayen ba shi ne wahala ba, ciyarwar ce.

In ya yi oda, direba ne ke kawo mashi daga Kaduna ya ajiye a tashar Funtua. Ba ya zuwa takanas don shi, sai aiki ya kai shi ko ya sami mai zuwa. Wani littafin yakan daɗe a tashar kafin ya iso hannunshi.

Lokacin da aka katse mana sabis a wannan yankin, kowa Funtua yake zuwa ya kira 'yan'uwa. Mun sha zuwa tare. In ya gama kiran nashi, sai ya nemi inuwa ya zauna ya duba masu fitowa, ni kuma ina tsaye ina jira mu kama hanya tun da sauran rana.

Alherinshi gare ni yana da yawa, kuma duk ba mai ƙara ba ne. Awakin matata shi ke duba su, bai taɓa karɓar ko kuɗin allura ba. In na makara a ƙauye shi ke tsaya mani a ofis.

Wanda ba zan manta ba shi ne na mahaifina. Baba ya sami shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke, yana kwance a Mabai. Rediyo ta ishe shi, masu dubiya kuma kowa ya zo maganar ɗaya ce, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Wata Asabar Malam Sada ya ce zai raka ni. Ya gaishe da Baba, ya zauna kusa da kanshi, ya zaro littafi daga jakar magungunanshi. Na so in hana shi, don Baba mutum ne mai tsauri, ban taɓa ganin ya kalli irin wannan ba.

Ya buɗe ya riƙe mashi daidai ido. Turanci ne a rubuce, amma da Hausa ya riƙa ba shi labarin, kuma ya canza wa mutanen ciki suna. Mugun cikin labarin ya sa mashi sunan wani maƙwabcinmu da suka daɗe suna rigimar iyakar gona da Baba. Da aka zo inda mugun ya faɗa cikin rijiya, Baba ya yi dariya da rabin bakinshi har sai da ya sarƙe. Innarmu ta leƙo a tsorace ta zaci wani abu ne.

Daga nan duk Asabar ɗin da hanya ta yi kyau yana zuwa, har Baba ya rasu. In ya makara, Baba yakan riƙa kallon ƙofa.

A kan labari ɗaya kawai ya taɓa karya dokokin nan nashi. Akwai wata mai zane a kudu da ta fara wani dogon labari na wata mata mai kwale-kwale, wadda ta dawo daga tafiya ta tarar ruwa ya cinye garinsu, ta shiga neman inda mutanenta suka yi. Ya ga bangon kashi na farko, ya ce bai san lokacin da ya yi oda ba. Shekaru yana bin labarin nan, kashi ɗaya in ya fito sai a daɗe kafin wani. Shi kaɗai ne yake saye sabo, kuma tun kafin ya fito yake fara ware mashi ɗan abin da ya samu. Bara aka sanar cewa na ƙarshe zai fito bayan kakar bana.

A farkon shekarar nan ƙafafunshi suka fara kumbura. Ya ce zaman mashin ne. Da abin ya kai fuska aka matsa mashi ya je asibiti, aka ce ƙoda ce. Aka fara kai shi Katsina wankin ƙoda, shi ya sa ya koma gidan yayanshi a Kankara don ya fi kusa.

Mashin ɗinshi aka fara sayarwa, sai shanun huɗa. Mu ma a ofis mun yi ɗan abin da za mu iya. Abin da ya ware na littafin ya tafi tun a zuwa Katsina na farko, data ma ya daina sawa.

Akwai ranar da muka je dubiya mu 'yan ofis, wani cikinmu ya ce in littafin ya fito mu za mu saya mashi. Ya gode, ya ce a'a. Ya ce makaranta ta kusa komawa, in akwai abin da muka yi niyya a ba Malama Hadiza.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar Juma'ar da ta wuce ce. Na yi sallah a Kankara na biya. Na same shi a ɗakin waje, kan katifa, an jingina mashi filo. Ya rame ta sama, ƙafafun kuma sun yi nauyi. Muryar ta yi ƙasa amma hankalinshi garau.

Aiki ya fara tambaya. Ko rigakafin shanu ya iso, wa aka tura ƙauyukan da yake zuwa. Ya ce in gaya wa wanda ya karɓe shi kada ya je rugage da rana tsaka, ba zai sami kowa ba.

Can sai ya ce ko ina da data.

Na miƙa mashi wayata. Na ga yana ta laluben inda ake kashe hotuna, na ce ya bar su, ta wata ce na sa kuma ba na cinye ta. Ya ce in tabbata. Na ce na tabbata.

Shafin ya buɗe, bangaye suka fito jere da launinsu. Ya daɗe yana kallo bai taɓa komai ba.

Ya ce, "Ashe haka wajen yake. Ni duk shekarun nan rubutu kawai nake gani."

Sai ya shiga bi ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya saba. Wannan ya yi tsada. Wannan kashi-kashi ne, ba ruwanshi. Wannan mai zanen ya ƙara ƙwarewa. Wannan a jira shi, zai sauko. Ya bi na wannan watan, da na wata mai zuwa, har na watannin da ni da shi muka san da wuya ya kai. A ƙarshe ya nuna wani siriri mai arha ya ce da yana da hali wannan ne na watan nan.

Daga nan ya nemo na mai kwale-kwalen. An ɗaga shi zuwa baɗi. Mai zanen ta rubuta 'yar sanarwa tana ba da haƙuri, ta ce kuɗin takarda da na bugu sun fi ƙarfinta a yanzu.

Na zaci ranshi zai ɓaci. Ya karanta a hankali ya ce Allah sarki, ita ma tsadar ta same ta, Allah ya buɗa mata.

Na ce in sha Allahu baɗi tare za mu je Funtua mu karɓo. Ya ce ya ji abin da likita ya gaya wa Alhaji Mamman a bakin ƙofa, duk da sun zaci barci yake. Ya faɗa ne kamar yana ba ni labarin wani.

Sai ya gyara zama ya ce bari ya gaya mani yadda yake ganin labarin zai ƙare. A ganinshi matar ba za ta sami garin ba, wanda ruwa ya ci ya tafi ke nan. Mutanen za ta samu, a wani tudu can, sun yi sababbin bukkoki sun ci gaba da rayuwa, wasu ma ba za su gane ta ba. Za ta kwana biyu cikinsu, sannan ta yanke shawarar zama ko komawa kan ruwa. Nan ne kawai ya ce bai sani ba, amma ya fi zaton za ta zauna, don ta gaji.

Ya ce, "In ya fito ka duba mani. In na yi daidai, to. In na yi kuskure kada ka gaya wa kowa."

Muka yi dariya. Ya miƙo mani wayar, ya ce in duba ko ya yi mani ɓarna da yawa. Ban duba ba, na ce bai yi ba. Aka kira la'asar, na taimaka mashi ya yi taimama, ya yi sallarshi a zaune. Da zan tafi ya ce in gaida Innarmu, in kuma bi a hankali, hanyar Faskari ba ta son yamma.

Ban sake ganinshi ba sai yau da aka fito da shi.

Allah ya jiƙan Malam Sada, ya gafarta mashi, ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Allah ya yalwata kabarinshi, ya haskaka shi, ya sa Aljanna ce makomarshi. Allah ya ba mahaifiyarshi da Malama Hadiza da Alhaji Mamman haƙuri, ya raya yaran nan, ya tsaya masu a karatunsu.

Duk wanda ya karanto har nan, ko bai taɓa saninshi ba, ina roƙo ya sa shi cikin addu'a bayan sallar da zai yi nan gaba. Sada ne sunanshi, mutumin Damari.