Tsagen Kumatun Kakana

Malaminmu na zane, wanda muke kira Mushe, ya raba mana lino ɗaya-ɗaya, kowace ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Roba ce mai kauri, irin wadda ake shimfiɗawa a ɗaki. Daga Kwatano, can ƙetaren iyaka, yake sayo ta, ga shi an rufe gadar Malanbil da ake bi a ƙetare, don haka ya ce wanda ya ɓata tasa ya kuka da kansa. Aikin shi ne ka sassaƙe robar da 'yar wuƙa mai baki kamar indararo, ka shafa tawada, ka ɗora takarda, ka murza da bayan cokali. Inda ka yanke ya fito fari, inda ka bari ya ɗauki tawada.

'Yan ajinmu duk kwalekwale da giginya suka zana. Ni da yake ban iya bin sahu ba, sai na kwafi hoton katin shaidar kakana, masunci ɗan Tunuga, wanda ya rasu ina goye. Sati biyu ina fama. Sau uku na yanke yatsa, na zagi wuƙar, na zagi wanda ya ƙera ta. Tsagen kumatunsa na bari sai ƙarshe, na bi su a hankali ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Juma'a na tafi gida da robar. Kakata tana zaune tana ɓarar gujiya. Ta shekara da shekaru ba ta gani. Ita ke ajiye da hoton katin nan, amma a wurinta takarda ce kawai.

"Mijin banza, mi kake ɓoyo?" ta ce, da yake haka take tsokanata.

Na miƙa mata. Ta shafa tana yi mini ba'a, wai tsohon takalmi na kawo mata tsaraba. Sai yatsanta ya faɗa cikin tsage. Ta bi na farko, ta bi na biyu, ta gangara har ga billen da ke gefen hanci. 

"Ka rage mishi hanci," ta ce. "Amma shi ne."

Kwana biyu robar tana kan cinyarta. Ranar Litinin sai da na roƙa kafin ta sake ta. Ta ce in maido mata shi, na ce wallahi zan maido.

Da na koma lakwal, wato makaranta, Mushe ya ce aikin jarrabawa launi uku ne da roba guda. Ka buga launin farko, ka ƙara sassaƙe robar, ka buga na biyu, ka ƙara sassaƙewa. In an gama, ba abin da ke saura a jikinta sai ɗan tudu nan da can. Ba zan yi ƙarya in ce ban gane ba, sarai na gane. Babu wata robar a duk garinmu Gaya, ni kuma ina son in zo na ɗaya, a liƙa aikina a bango. Na ce a raina in an buɗe gada zan sassaƙa mata wata. Na sa wuƙa, kumatun ne suka fara tafiya.

Na biyu na zo. Ko na ɗayan da na ci amana dominsa ban samu ba.

Na zaɓi bugun da ya fi kyau na kai mata. Ta shafa takardar, ta juya bayanta ta shafa.

"Ina yake?"

"Ga shi nan, Kaka, har da launi."

Ta ce in ba ta robar. Na ba ta, ta yi ta laluben kumatu a wurin da babu su. Da ta yi faɗa da na ji sauƙi, amma ba ta yi ba. Ta haɗa robar da takardar ta miƙo mini.

"Ungo, riƙe. Kai ke da ido."

Daga ranar ba ta ƙara ce mini mijin banza ba. Da damina Kaka ta rasu, gada tana nan a rufe. Har yau ina jin haushin kaina. Takardar tana wurina, wani lokaci nakan rufe ido in shafa ta, in ji ta sumul.