Kaza da Tuffa a Ɗakin Haya

A gidan hayarmu na Agege, a Legas, kicin ɗaya ne, kuma ba ka ɗora tukunya ba a leƙa ta ba. Dokar Iya, dattijuwar da ke da gidan, guda ce: duk wanda ya kunna wuta a cikin ɗaki, ya kwashe kayansa.

Baba tuffa yake sayarwa a kasuwar Mile 12, waɗanda suka bugu yakan kawo gida. Ni kuma na ga wata a waya ta soya kaza da tuffa, ta kwarara farin kirim a kai. Na ce ai ni ma na yi sakandare. Amma ta ina zan yanka tuffa cikin nama a gaban matan gidan nan, da ko barkono ka rage sai sun tambaya wa ke kwance? Sai na sungumi ƙaramar tukunyar gas na shige ɗaki, na rufe ƙofa da taga, wai kar ƙamshi ya tona ni.

Kirim ban samu ba, madarar gwangwani na saya. Mai ya yi zafi har yana hayaƙi, na juye kazar da tuffar da ruwansu, wuta ta tashi ta kama labule. Duk abin da aka koya mana kan gobara ya gudu. Madarar hannuna na watsa mata, ina salati.

Iya ce ta banko ƙofa da jiƙaƙƙen buhu, matan gidan na bayanta. Da ta kashe wutar, ta leƙa kaskon.

"Yarinya, mene ne wannan?"

"Kaza ce, Iya."

"Na ga kaza. Shayi kike haɗa mata?"

Suka kwashe da dariya. Ni kuwa tunanina ɗaya: ina Baba zai samo mana wani ɗaki a Legas?

Can sai ga Baba ya dawo. Ya je ƙofar Iya ya tsuguna, da furfurarsa. Ta daɗe tana faɗa da Yarabanci, yana ba ta haƙuri. Daga ƙarshe ta ce mu zauna, amma gas ɗin ya koma ɗakinta.

Yanzu gawayi nake hurawa a tsakar gida. Har yau in na ɗauki ashana ba na iya ƙyastawa, sai maƙwabciyata ta karɓa ta ƙyasta mini.