Gayyar Cire Kwano

Auduga ce ta tayar da garinmu. Ina yaro, idan kaka ta yi, manyan motoci kan zo daga Funtuwa su jeru a bakin kasuwa, ana awo ana lodi. Duk wanda audugarsa ta yi kyau, abin da yake fara yi shi ne ya sauke jinkar ɗakinsa ya sa kwano. A unguwarmu ƙanen mahaifina ne ya fara. Baba muke ce masa. In ka taso daga wajen Daudawa da rana, ɗakinsa za ka fara hangowa yana walƙiya.

Daga baya auduga ta faɗi, motoci suka daina zuwa, mai shayi da mai faci suka koma Ƙanƙara. Sannan 'yan bindiga suka fara fitowa daga daji. Magana ta bazu cewa daga kan dutse suke leƙen gari, gidan da suka ga kwano nan suke nufa, don sun san za a iya biyan fansa. Mutane suka riƙa ɓalle rufinsu da hannunsu. Baba ya ce ba mai taɓa nasa. Daga shi sai Inna matarsa, kuma ɗakin nan kaɗai ya rage musu.

Wata safiya gab da damina, mai unguwa ya zo da majiya ƙarfi, da tsani da guduma.

"Baba, gayya muka zo maka," in ji shi.

"Wa ya kira ku?"

"Kwanonka. Yadda yake kiran mutanen daji haka ya kira mu."

Suka fashe da dariya. Baba ya riƙe ƙafar tsani, wani ya ɓamɓare masa yatsu, ya ce, "Sannu Alhajin auduga, koma inuwa kada ƙusa ta faɗo maka." Na yi magana, aka ce in ina son a kwashe unguwa saboda tsoho ɗaya, in faɗa a gaban kowa. Na kama Baba na zaunar da shi.

Kafin azahar ɗaki ya zama fili. A al'adarmu mai aiki ke ciyar da 'yan gayya, sai ga mai unguwa ya leƙa madafa.

"Inna, ina furar ma'aikata?"

Ta dama musu. Suka sha a tsakar gidan, ɗaya yana ƙorafin nono ya yi tsami. Suka ce gobe za su dawo su yi masa jinka. Kowa ya san ciyawar rufi a daji take, dajin kuma ba ya shiguwa. Kwanon, mai unguwa ya ce zai adana. Ba a yi mako ba ya tafi Funtuwa da iyalinsa, kwanon na ɗaure a saman kayansa.

Ruwa ya sauka. Na shimfiɗa musu leda, iska ta yage ta. Bango ya jiƙe ya fara zubewa ta gabas, Baba yana zaune ciki da tabarma a ka, ya ƙi zuwa gidana. Sai da tari ya kama shi ya yarda in kai su Faskari wurin 'yarsu.

Da muka fito na ja ƙyaure zan sa kwaɗo. Ya dube ni daga kan babur.

"Mi za ka kulle? Hau mu tahi."