Baba Tsumma da Sandunan Dutse

Kullum kafin a buɗe ofisoshi, Baba Tsumma ya riga ya zare kwaɗon sito. Zai tari ruwa a bokiti, ya jiƙa tsummansa ya saɓa a kafaɗa, sannan ya bi layin kantoci yana leƙa akwatuna kamar likita a ɗakin majinyata. A tsumman nan ya samo sunansa. Shekara talatin da huɗu ke nan yana tsaron siton hukumar binciken ma'adinai, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye aiki.

Sandunan dutse ne a cikin akwatunan, masu kaurin taɓarya, waɗanda injin haƙa ya zaro daga ƙarƙashin jerin baƙaƙen tsaunukan nan da ko ciyawa ba ta son zama a kansu. Masana sun ce dutsen tsoho ne tukuf, daga can ƙuryar cikin ƙasa ya taso, shi ya sa ya fi sauran nauyi, kuma a irinsa ake samun ƙarafa masu daraja kamar kurom da nikel. A bushe duk toka-toka ne. Sai Baba ya goga jiƙaƙƙen tsumma sannan launin kore yake bayyana, da ratsin baƙi mai ƙyalli, wani wurin da santsi kamar sabulu. "Dutse kunya gare shi," in ji shi, "sai an wanke masa fuska yake magana."

Kowane akwati da takardarsa, mai lambar ramin da aka haƙa da zurfin da sandar ta fito. Wata damina Baba yana kwance a asibiti, rufin sito ya yi yoyo. Leburori suka kwashe akwati ɗari biyu suka jibge a wani lungu, gara ta bi ta cinye takardun. Da ya dawo, sabon Darakta ya riga ya yanke hukunci.

"Baba, dutsen da ba a san raminsa ba, ba a san zurfinsa ba, ai tsakuwa ce. A cike ramukan bakin ƙofa da shi."

"Ranka ya daɗe, takarda gara ta ci. Ba ta da haƙoran cin dutse."

"To kai za ka tambaye su daga ina suke?"

"In ka ba ni wata uku."

"Na ba ka. Kwana ɗaya ya ƙaru, tifa za ta zo."

Abin da Baba ya dogara da shi ɗaya ne. Sanda takan karye yayin zarowa, kuma kowace karaya ba ta haɗuwa da kowa sai 'yar'uwarta. Ya shimfiɗa katakai a ƙasa. Sai ya ɗauki guntun ƙarshe daga akwatin da takardarsa ta tsira, ya jiƙa bakinsa, ya bi akwatunan da suka rasa suna yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya, har baki ya zauna a kan baki, ratsi ya bi ratsi. Direbobi kan leƙo su ce, "Baba, yau aure nawa aka ɗaura?" Mai ɗakinsa kuwa, da ta gaji da shafa masa man zafi a baya, cewa ta yi, "Malam, ko ni ba ka lallashe ni haka ba."

Saura kwana shida wa'adin ya cika, ya gama. Dakta, masaniyar duwatsu ta hukumar, ta auna jerin da tef ta gwada da tsohon littafin masu haƙa, ta tarar rami bayan rami tsawon ya yi daidai. Akwati goma sha ɗaya ne suka gagare shi. Bai yi musu ƙage ba, ya rubuta a jikin kowanne: "Ban sani ba." Dakta ta ce wannan rubutun ne ya sa ta yarda da sauran. Daga baya ta aika samfuri daga rami na tara aka gwada, aka sami nikel da mutanen farko ba su nema ba. Sunanta ne a kan rahoton, amma duk wanda ya tambaye ta, sito take nuna masa.

Baba, kai ne ka hana aikin shekaru ya zama cikon rami. Mai haƙuri, mai dafa dutse! Ba ka taɓa tsayawa gaban allo ba, amma masu digiri a hannunka suka koyi jiƙa dutse kafin su yi masa shaida.

Makon jiya Darakta ya zo sito da kansa, ya ce za a yanko guntu daga rami na tara, a goge shi, a ba Baba kyautar sallama. Baba ya matse tsummansa.

"Na gode, ranka ya daɗe. Amma in aka cire shi, na gabansa da na bayansa da wa za su haɗu? In kyauta ce, a buga wa akwatunan lamba a jikin ƙarfe."

An fara bugawa shekaranjiya.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya sassauta maka ciwon bayan nan. Mu kuma da aka ba ajiya, ko ta takarda ce ko ta mutane, mu riƙe ta yadda ya riƙe tasa, inda ba mu sani ba kuma mu ce ba mu sani ba.