Ranar da Banufe Ya Kira Baba Alhaji

Mahaifina Bakatsine ne, mai sayar da gero da dawa da wake. Maƙwabcinsa na rumfa Banufe ne daga Bida, mai shinkafa. Tun ina ƙarama suke gefe da gefe a tsohuwar kasuwar Minna, da aka kwashe su zuwa Kasuwar Kure kuwa sai da suka addabi masu rabon rumfuna har aka sake haɗa su wuri ɗaya. Baƙo zai rantse neman a raba su suke yi, don ban taɓa jin sun yi gaisuwar mutunci ba.

Tsakanin Katsinawa da Nufawa akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowa ya ce ɗan'uwansa bawansa ne, kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa, doka ɗaya ce tak: ba a fushi. A layinsu Baba, wanda ya yi fushi da abokin wasa sai ya sayi goro ya raba a gaban waɗanda suka ga fushin, a yi masa dariya a ƙoshi, sannan wasa ya dawo.

Da safe Banufe zai leƙo ya ce, "Bawana, ka yi wanka yau, ko har yanzu ruwa bai zo garinku ba?"

Baba ya ce, "Matsa can, kana mani ƙarnin kifi cikin gero."

Gaisuwarsu ke nan. Mu yara muna ce masa Baba Nufe. Shi ya raɗa wa ƙanena suna, shi ya kai ni gidan mijina a motar haya da ya ɗauko, yana ta gaya wa direba 'yar bawansa ce zai kai kasuwa.

A siyasa Baba ɗan adawa ne na gado. Duk wanda ya hau mulki ɓarawo ne, tun kafin ya gama rantsuwa. Ana nan sai aka yi shugaban ƙasa ɗan jiharsu, a jam'iyyar da Baba ya yi shekara da shekaru yana tsine wa. Zaɓen da ya kawo shi kowa ya san yadda aka yi shi. A mazaɓarmu ni dai ban ga akwati ba sai sakamako. Amma Baba ya wayi gari ya gano cewa mulki na Allah ne, yana ba wanda ya so. Ya manna hoton shugaban a saman buhunan wake. Na ce, "Baba, ba kai ne ka ce jam'iyyar nan ko ruwa ta ba ka ba za ka sha ba?" Ya ce in tafi makaranta in koya wa yara karatu, siyasa ba ta malaman firamare ba ce.

Sai shugaban ya kwanta ciwo. Aka fita da shi waje, wata ya bi wata, babu shi babu labari mai kama hankali. Ƙasa ta rabu biyu: masu cewa mataimaki ya karɓi riƙon ƙwarya, da masu cewa ai mai kujera yana da rai, kuma bai bar takardar miƙa mulki ba. Minna kaf ta zama lauyoyi. Mai shayin bakin kasuwa yana soya ƙwai yana kawo sashe kaza na tsarin mulki. 'Yan acaba su ɗauko ka daga Bosso, kafin ka sauka sun yanke hukunci sun ɗaukaka ƙara. Wallahi a cikinsu babu wanda ya taɓa ganin bangon littafin, har da Baba, har da Baba Nufe, wanda ya tsaya tsayin daka a bayan mataimaki don kawai Baba yana ɗaya gefen.

Akwai abin da 'yan kasuwa ba su sani ba. Baba ma ba shi da lafiya. Ƙafafunsa sun fara kumbura, yana ɓoye su cikin safa da zafin Minna. Yayana ya fara zancen Baba ya zauna gida ya huta, shi ya riƙe rumfar. Baba ya ji wannan zance ta bakin mahaifiyarmu, ya ƙi cin tuwo. Saboda haka in rediyo ya ce marar lafiya ya sauka ya ba wani, Baba da kansa yake ji ana yi.

Ranar da majalisa ta ce mataimaki ya zama muƙaddashi, na biya kasuwa bayan an tashi makaranta in ɗauki wake. Baba ya tafi sallar azahar, ya bar wa Baba Nufe rumfa yadda ya saba. Na tarar da Baba Nufe ya haye buzun Baba, ya ɗora hular da Baba ke ratayewa a ƙusa, ya riƙe mudu kamar sanda. Ya tara masu dako a gabansa wai majalisa ce. Da Baba ya dawo yana jan ƙafa, Baba Nufe ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Ka tafi ba ka bar takarda ba. Majalisa ya zauna, ya ce ni ne mukaddashi. Kai je gida ka kwanta, ka tsufa, kafa ma ba ya daukar ka."

Layin ya kwashe da dariya, ni ma na yi. Baba bai yi ba. Ya tsaya yana kallonsa, sannan ya fizge hular daga kansa.

"Tashi mani daga wuri. Ban mutu ba tukuna. Daga yau babu wasa tsakanina da kai."

Baba Nufe ya jira ko dariya za ta biyo baya, ba ta biyo ba. Ya sauka, ya kakkaɓe buzun da hannunsa, ya ajiye mudu inda yake. Ya ce, "Ka yi hakuri, Alhaji." Tun da Baba ya sauke farali, mutumin nan bai taɓa kiransa Alhaji ba, cewa yake jirgi ne ya yi kuskure ya ɗauki bawa.

Daga ranar Baba ya shiga uku. Kullum da safe Baba Nufe zai zo ya ɗan rusuna ya ce, "Ina kwana, Alhaji. Ya iyali? Ya jiki?" Ya koma rumfarsa. Ladabi tsantsa, babu abin da za ka kama. Fushin Baba kuwa ko mako bai yi ba ya huce, ya fara lalube. Ya ce wa mai sayen shinkafa da ƙarfi, "Ki duba da kyau, ta Nufawa rabi tsakuwa ce." Baba Nufe ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji, za mu gyara." Baba ya ce yau kasuwa warin kifi take. Baba Nufe ya ce, "Allah ya ba da hakuri, Alhaji." Baba ya dawo gida ya huce a kanmu, wai miya ba gishiri.

Abin ya ishe ni. Tsofaffi biyu da furfura suna gaba saboda mutanen da ko sunan kasuwarsu ba su sani ba. Na sami Baba Nufe na ce, "Baba, don Allah ka zage shi ko sau ɗaya ne, mu samu mu ci abinci a gida lafiya." Ya yi murmushi, amma idonsa bai yi ba. Ya ce, "'Yata, a gaban mutane ya rufe wasa. Goro ba tsada." Na koma wa Baba da wannan, ya ce shi Bakatsine ya raba goro saboda Banufe? Sai dai a jira. Na ce to a jira, ai ƙasar ma jira take.

Aka dawo da shugaban gida, ba wanda ya gan shi, gardama ta ƙara zafi. Bayan 'yan watanni Allah ya yi masa rasuwa, aka rantsar da muƙaddashi. Lauyoyin kasuwa suka koma awo. Baba Nufe ya zo rumfar Baba ya zauna a ƙasa, ya yi ta'aziyya cikakkiya, ya yi addu'a, ya shafa. Baba ya gaya mini daga baya cewa duk a cikin masu gaisuwar ranar, tasa ce ta fi yi masa ciwo, don irin wadda ake yi wa baƙo ce.

Da damina ta sauka jikin Baba ya ƙi. Muka kwantar da shi a babban asibiti. Yayana ya zo da safe ya ce a ba shi makullin rumfa kada hatsi ya lalace. Baba ya yi kamar barci yake. Da ya fita, Baba ya zaro makullin daga ƙarƙashin matashi ya miƙo mini.

"Ki tahi ki sayi goro, mai kyau, ki ba masu dako su raba layi duka, ki ce daga gare ni. Wannan kuma ki kai ma Banufen nan. Ki ce ga takardar da ya ce ban bari ba."

Na je na yi yadda ya ce. Layin ya ci goro, ya yi wa Baba dariyar da ake bin sa, har da masu tafi. Baba Nufe ya karɓi makullin ya juya shi a hannu, ya rufe rumfarsa da rana tsaka ya biyo ni.

A ƙofar ɗakin ya tsaya. Baba ya rame, fuska ta kumbura, ga robar ƙarin ruwa a hannu. Na ce a raina shi ke nan, Baba Nufe zai sake ce masa Alhaji. Sai ya gyara murya.

"Kai bawa, wa ya ba ka izini ka kwanta? Dubi yadda ake dura maka ruwa. Sai da ka zo asibiti ka ga ruwa a rayuwarka."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, hawaye yana bin kunnensa. Ya ce, "Nas, fitar mani da mai kifin nan." Nas ɗin ta zo da gaske za ta fitar da shi, sai da na yi mata bayani, ta tafi tana girgiza kai. Ranar Baba ya sha kunu kofi guda, abin da ya kwana biyu bai yi ba.

Baba bai koma kasuwa ba. Baba Nufe ya riƙe rumfuna biyu, kullum da la'asar ya zo ya zage shi ya tafi, har ranar da muka rasa Baba kafin kaka. Da aka yi addu'ar uku, Baba Nufe ya shigo cikin gida yi wa mahaifiyarmu gaisuwa. Mata sun cika tsakar gida. Ya miƙa wa yayana makullin, ya dubi ɗakin Baba, ya ɗaga murya yadda abokin wasa ke yi ko a gidan makoki.

"Bawana ya gudu. Ku gaya masa in na kama shi..."

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya baki buɗe, muna jira, sannan ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska ya fita, ya bar takalminsa ɗaya a ƙofar zaure. Ni na bi shi da shi.